Daga Fijo 504 zuwa motar kwamfuta: Yadda gyaran mota da ƙarkonta suka sauya

Da wuya a yi hirar mota a majalisar direbobi ko a garejin kanikawa a tashi ba a samu mai kewar motocin da ba. Masu wannan ra'ayi kan ce ƙarfen da ya fi kauri, injin da ya fi juriya, kuma duk inda mota ta tsaya ba a rasa mai tayar da ita. Motocin yanzu kuwa, a ganinsu, roba ce da tarin wayoyi, waɗanda ƙaramar matsala kan kwantar da su makonni a gareji.

Akwai gaskiya a wannan ƙorafi, sai dai rabinta ne. Motar zamani ta fi ta da daɗewa ba ta tsaya ba, ta fi ta ƙarancin shan mai, ta kuma fi ta kare ran wanda ke cikinta. Abin da ta rasa shi ne haƙurin motar da. Tsohuwar mota takan jure kowane irin mai da kowane irin hannu, ita kuwa ta yanzu tana da ƙa'idoji, kuma saɓa musu yana da tsada. Da dama daga cikin motocin zamani da ke mutuwa tun kwanansu bai ƙare ba a ƙasar nan, abin da ke kashe su shi ne ana kula da su kamar yadda aka saba kula da Fijo shekara 40 da suka wuce.

Zamanin Fijo

A Arewacin Najeriya, in ana maganar motar da, Peugeot ake nufi, wadda jama'a ke kira Fijo. Kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a shekarar 1975, kuma ƙirar 504 ce ta zama tambarinsa. Motar ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta lashe kambin motar shekara ta Turai a 1969. A Faransa an daina ƙera ta a 1983, amma a Kaduna aka ci gaba da haɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, doguwarta ita ce motar haya tsakanin garuruwa, a-kori-kurarta kuma ita ke dakon hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin ƙauye.

Sunan da ta yi ba a banza ba ne. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada, kuma injinta a fili yake. Idan aka buɗe bonet, ana ganin komai, hannu na kaiwa ga komai. Ta ma lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, gasar da ake yi a kan hanyoyi masu ƙura da taɓo. Da sifana da sukundireba da filaya, bakanike zai iya sauke kusan kowane ɓangare nata a gindin bishiya. Kayan gyaranta kuwa birjik suke daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, inda abin da ba a samu ba ma akan ƙera shi.

Wahalar da aka manta

Abin da masu kewa ke mantawa shi ne yawan lokutan da ake buɗe bonet ɗin nan. Motar wancan zamani tana dogara ne da abubuwa biyu masu saurin gocewa. Na farko ita ce kabureta, wadda ke gauraya fetur da iska ta hanyar zuƙar inji. Ƙura kaɗan takan toshe ƙananan hudojinta, kuma saitinta da kunne ake yi. Shi ya sa da sanyin safiyar hunturu sai an ja cok, an yi ta taka totur kafin mota ta tashi. Na biyu shi ne kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke cikin distributa, wanda ke buɗewa da rufewa sau dubbai a minti guda don aika wuta zuwa fulogi. Bakinsa na ƙonewa, ratarsa na sauyawa, don haka kullum yana bukatar gogewa da saiti ko canji.

Bayan waɗannan akwai saitin bawul da hannu, da ƙara wa batir ruwa, da ɗura giris a gaɓoɓin ƙafa, da ɗaure fanbel. Juyen baƙin mai a kowace kilomita 5,000 ake yi, fulogi kuma ba ya wuce kilomita 15,000 zuwa 20,000. Direban da zai yi doguwar tafiya ba ya barin gida sai da galan na ruwa da fanbel da kwantak na ajiya, domin tsayawa a hanya wani ɓangare ne na tafiyar. Sauke inji a canza ringi abu ne da mai mota ke sa ran yi tun motar ba ta tsufa ba.

Wata shaida tana kan dashbod. Agogon ƙirga tafiya na yawancin motocin da lambobi biyar yake da su, da ya kai 99,999 sai ya koma sifili. Masu ƙera su ba su ga dalilin ƙara lamba ta shida ba. Daga baya aka ƙara ta, bayan da ya zama ruwan dare mota ta zarce wannan adadi.

Saboda haka daɗewar da Fijo ta yi a kan titi ba ta nufin ba ta lalacewa. Tana lalacewa a kai a kai, amma lalacewar ƙarama ce, gyaran kuma na kusa ne kuma mai araha.

Abin da ya kawo sauyi

Hayaƙi ne ya fara tilasta wa kamfanoni sauya inji. A 1970 Amurka ta ƙarfafa dokarta ta tsaftace iska, wadda ta wajabta rage gubar da motoci ke fitarwa ƙwarai. Daga motocin 1975 aka fara sanya matatar hayaƙi a jikin salansa, wadda kanikawan Najeriya ke kira indomi saboda kamar da cikinta ya yi da taliyar. A cikinta akwai ma'adanai masu tsada irin su filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda ke mayar da iskar guba zuwa marar illa sosai.

Wannan matata tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, ba ta jituwa da fetur mai dalma, wanda aka daɗe ana amfani da shi. Hakan na cikin dalilan da suka sa duniya ta yi watsi da shi: ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da shi a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Na biyu, ba ta aiki daidai sai an auna iska da fetur da ƙyar-ƙyar, kimanin kaso 14.7 na iska ga kaso ɗaya na fetur a nauyi. Kunnen bakanike, komai ƙwarewarsa, ba zai riƙe wannan ma'auni a kowace daƙiƙa ba.

Nan kwamfuta ta shigo. Kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da injekta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen tun 1967, sannan a 1976 Volvo ta fara amfani da sensar da ke shinshinar iskar oksijin a cikin hayaƙi. Sensar na sanar da kwamfuta ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan, kwamfutar kuma ta gyara nan take. Kwantak ya ba da wuri ga tsarin wuta na lantarki wanda ba ya gogayya balle ya cinye. Zuwa farkon shekarun 1990, kabureta ta ɓace daga sababbin ƙananan motoci a Amurka da yammacin Turai.

Sauyi na biyu daga Japan ya zo. Kamfanoni irin su Toyota da Honda sun gina tsarin aiki da ke kama kuskure tun a masana'anta, inda ƙaramin ma'aikaci ke da ikon tsayar da layin haɗa motoci idan ya ga aibu. Motocinsu suka yi suna wajen rashin ba da matsala, har kamfanonin Amurka da Turai suka ga ba su da zaɓi sai su bi sahu. A 2021 Toyota ta sanar cewa ta sayar da Corolla miliyan 50 tun fitowarta a 1966. Haka kuma injunan sassaƙa ƙarfe sun ƙara daidaito, man inji ya inganta, an kuma koyi shafe jikin mota da sinadarin hana tsatsa.

Shin motar yanzu ta fi ƙarko?

Idan ƙarko na nufin tsawon tafiya kafin babban gyara, amsar ita ce e. Fulogin zamani mai bakin iridiyom kan yi kilomita 100,000 ko fiye. Yawancin injuna suna saita bawul da kansu ko kuma sukan daɗe ba su bukaci saiti ba. Batir a rufe yake zuwa, gaɓoɓin ƙafa ma haka. Injin da ya samu kulawa yakan haura kilomita 300,000 ba a buɗe cikinsa ba, abin da a zamanin kabureta sai an yi ta ba da labarinsa. A Amurka, kamfanin S&P Global Mobility ya ƙiyasta cewa a 2024 matsakaicin shekarun motocin da ke kan titi ya kai 12.6, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin lokacin. Tsadar sababbin motoci na da hannu a ciki, amma mutum ba zai riƙe motar da ba ta tashi ba.

Hujja mafi kusa tana kan titunan Najeriya. Corolla da Camry da Accord da Golf na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 duk motocin injekta ne masu kwamfuta. Sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka, aka loda su a jirgin ruwa, suka zo nan suka fara ta biyu a matsayin tasi da motocin gida. Da motar kwamfuta ba ta da ƙarko, da kasuwar tokunbo ba ta kafu ba.

Kaurin ƙarfe da ran mutum

Ƙorafin da aka fi yi shi ne jikin motar yanzu ba ya jure karo. Lallai yana lanƙwashewa, amma da gangan aka yi shi haka. Gaba da bayan mota an tsara su su murƙushe su shanye ƙarfin karo, yayin da ɗakin da mutane ke zaune aka gina shi da ƙarfe mai tsananin tauri. A tsohuwar mota, ƙarfin da jiki bai shanye ba yakan wuce kai-tsaye zuwa ƙirjin direba ta sitiyari.

A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gwada hakan a bainar jama'a, inda ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Ɗakin tsohuwar motar ya rufta a kan mutum-mutumin da ke mazaunin direba, na sabuwar kuma ya tsaya kusan yadda yake. A kan wannan gini aka ɗora bel mai maɗauri uku da Volvo ta fito da shi a 1959, da birkin ABS da Mercedes-Benz ta fara sayarwa a 1978, da jakar iska, da na'urar hana mota juyawa a kwana wadda ta bayyana a 1995. Mai fanabita zai fi samun aiki a motar yanzu, amma mai motar ya fi samun damar fita da ƙafarsa.

Farashin da aka biya

Duk wannan bai zo kyauta ba. Motar zamani na ɗauke da kwamfutoci da dama, na inji da na giya da na birki da na jakar iska da na ƙofofi, duk suna magana da juna ta waya. Lalacewar sensa guda kan sa mota ta ƙi tashi ko ta ƙi wuce wani gudu. Abubuwa da yawa ba a gyara su, sai dai a cire a sa wani. A da ana kwance kabureta a wanke a mayar, yanzu kuwa idan kwamfutar inji ta ƙone, wadda kanikawa ke kira biren-bos, sai an sayi wata, kuma a motoci da yawa sai an haɗa ta da makulli ta na'ura kafin ta yi aiki. Ɓatar makulli kaɗai kan ci kuɗin da a da zai isa sabis na shekara.

Motocin baya-bayan nan sun ƙara wasu abubuwan. Don rage shan mai, kamfanoni sun koma ga ƙananan injuna masu tabo, da injekta mai fesa fetur kai-tsaye cikin silinda da matsanancin ƙarfi, da giyar CVT mai aiki da bel na ƙarfe. Suna da ƙarfi da tsimin mai, amma suna aiki cikin zafi da matsi fiye da injunan shekarun 2000, kuma ba su da sassauci ga gurɓataccen mai ko jinkirin juye. Bamba da gilashin gaba ma yanzu na ɗauke da kyamara da sensa, ta yadda ɗan gugar da a da fenti kawai zai ci kan jawo babban kashe kuɗi.

Kamfanonin ma kan yi kuskure, kuma kuskurensu kan shafi miliyoyi saboda kamfani ɗaya ke yi wa masu ƙera motoci da yawa kaya. Misali mafi girma shi ne jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, wadda zafi da laima ke lalata sinadarin da ke hura ta har ta tarwatse da ɓaraguzan ƙarfe. A Amurka kaɗai an yi kiran a mayar da jakunkuna kimanin miliyan 67 don a canza su.

Inda tsohuwar al'ada ke kashe sabuwar mota

A nan ne lamarin ya fi shafar mai mota a Najeriya. Akwai dabarun da suka yi aiki ko suka wuce ba tare da illa ba a zamanin Fijo, waɗanda a motar yanzu ɓarna ce.

Na farko shi ne cire tamostat. Al'ada ce da mota ta iso a cire shi, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, wani lokaci a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Aikin tamostat shi ne riƙe inji a zafin da aka tsara masa, wajen digiri 90 a ma'aunin Salsiyos. Idan babu shi, inji kan daɗe bai kai wannan zafi ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara fetur. Motar ta ƙara shan mai, rarar fetur ta wanke man da ke jikin silinda, inji ya riƙa cinyewa a hankali. Idan mota na zafi, akwai dalili: toshewar lagireto, ko mutuwar fanka, ko yoyo, ko lalacewar tamostat ɗin kansa, wanda maganinsa canji ne.

Na biyu, zuba ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto. Injunan da na baƙin ƙarfe ne, na yanzu kuwa galibi na alminiyom ne masu siraran hanyoyin ruwa. Ruwan sanyaya inji na musamman yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jure zafi kafin ya tafasa. Ruwan rijiya na barin gishiri da ke toshe lagireto ya cinye famfon ruwa, ƙarshensa gasket ya ƙone.

Na uku, baƙin mai. Mai kauri mai lamba 20W-50 shi aka saba da shi, har wasu na ganin kauri shi ne inganci. Injunan zamani da yawa suna bukatar 5W-30 ko 5W-20 ko 0W-20, kuma lambar na rubuce a littafin mota, sau da yawa ma a kan murfin zuba man. Dalili shi ne ratar da ke tsakanin ƙarafan inji ta ƙanƙance, kuma akwai na'urar sauya lokacin buɗe bawul wadda da matsin mai take aiki ta ƙananan hudoji. Mai kauri ba ya isa can da wuri, musamman a daƙiƙun farko bayan tayar da mota. A ɗaya ɓangaren kuma, tazarar juye ta kilomita 15,000 da ake gani a littattafan motocin Turai ba ta dace da nan ba. Littattafan da kansu suna ware abin da suke kira yanayi mai tsanani, wato ƙura da zafi da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, inda suke rage tazarar sosai. Ƙurar hunturu da cunkoson Kano ko Abuja sun cika waɗannan sharuɗɗa. Matatar iska ma haka, kaɗe ta da busa mata iska ba ya mayar da ita sabuwa.

Na huɗu, man giya. Giyar otomatik kowace da irin manta, ta CVT kuma nata daban ne gaba ɗaya. Zuba jan man giya na gama-gari a CVT kan sa bel ya riƙa zamewa, kuma giyar da ta lalace ta wannan hanya galibi sai canji.

Na biyar, taɓa wuta. A da, mai rewaya kan cire kan batir mota na aiki don ya gane ko altaneta na caji. A motar kwamfuta wannan kan haifar da tashin wutar da zai ƙone na'urori. Haka yin walda a jikin mota ba a cire batir ba, da juya kan waya wajen jan wuta daga wata mota, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi, da maye fis da zaren waya.

Na shida, indomi. Akan fasa shi a cire, ko don an ce yana danne ƙarfin mota, ko don ma'adanan cikinsa na da kasuwa. Idan ya toshe da gaske, akwai abin da ya toshe shi, kamar fulogin da ba ya ƙona fetur ko injin da ke shan baƙin mai, kuma cire shi bai magance wannan ba. Abin da ya rage shi ne hayaƙi mai guba da mutanen gari za su shaƙa, da fitilar gargaɗi da ba za ta sake mutuwa ba.

Sai fetur kansa. Famfon mai na motar injekta a cikin tanki yake, kuma fetur ne ke sanyaya shi. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi da dama sun koma sayen 'yan litoci suna yawo da tanki kusan a bushe, abin da ke gajarta ran famfon. Ingancin man ma abin lura ne. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, lamarin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai da koken masu motoci kan lalacewar injuna. Man bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, kabureta kan haɗiye shi da tari, injekta kuwa ba ta yafewa.

Fitilar da ake rufewa

Motar zamani na faɗin ciwonta. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi a 2001 ga motocin fetur. Akwai soket mai hudoji 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsalar. Fitila mai siffar inji da ke kamawa a dashbod sanarwa ce cewa akwai irin wannan lamba a ajiye. Idan tana ƙyaftawa, alama ce inji na tsallake wuta sosai, kuma ci gaba da tafiya zai iya ƙona indomi.

Amma lambar ishara ce kawai. Alal misali, P0171 na nufin iska ta rinjayi fetur. Dalilin zai iya zama tiyo da ya tsage, ko famfon mai da ya yi rauni, ko sensar iska da ta yi datti. Wanda bai iya bin sawu ba sai ya shiga canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota. Mafi muni shi ne goge lambar ba tare da gyara ba, ko cire ƙwan fitilar don a sayar da mota. Mai saye zai iya gane wannan: idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, dole fitilar inji da ta ABS da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan mota ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta.

Motar da ba a san tarihinta ba

Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa, inda Najeriya ke cikin manyan masu saye. Ma'ana, motar da ake kira sabuwa a nan sau da yawa ta riga ta yi shekara 10 ko fiye a wani wuri. Wasu sun yi haɗari, wasu ambaliya ta shanye su, kuma ruwa a cikin wayoyin motar kwamfuta ciwo ne da ke fitowa sannu a hankali. Agogon tafiya ma akan mayar da shi baya.

Yawancin motocin zamani suna da lambar shaida mai haruffa da lambobi 17 a gindin gilashin gaba. Ga motocin da suka fito daga Amurka, ana iya amfani da ita a intanet a ga tarihin haɗari da nisan tafiya, a kuma duba kyauta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ko akwai kiran gyara da ba a yi ba, irin na jakar Takata. Haka kuma injin da ke amfani da bel na taimin maimakon kaca yana bukatar canjinsa a wajajen kilomita 100,000, domin a injuna da yawa tsinkewarsa na nufin fistin ya daki bawul. Wanda ya sayi mota bai san yaushe aka canza shi ba, gara ya canza.

Makomar bakanike

Kanikawan ƙasar nan sun koyi sana'a ne ta hanyar zama a gaban maigida shekara da shekaru, kuma wannan tarbiyya ta samar da hannaye masu basira. Har gobe ana bukatarsu, domin birki da ƙafa da kuloci da shokazoba ba su daina cinyewa ba. Abin da ya ƙaru shi ne bukatar karatu: iya karanta zanen wayoyi, da auna wuta da mita, da fahimtar abin da na'ura ta nuna. Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci tana shirya horo a wannan fanni, kuma a wurare irin su Apo a Abuja matasa masu na'urar bincike sun zama wani rukuni na sana'ar. Sai dai mallakar na'ura daban, sanin aiki da ita daban.

Gaba kuma da sauran tafiya. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda Toyota Prius ta buɗe wa hanya a 1997, sun fara yawa a kasuwar tokunbo. Mota mai lantarki zalla ba ta da fulogi, ba ta da juye, ba ta da salansa, amma batirinta shi ne mafi tsada a jikinta, kuma wayoyinta masu ruwan lemo na ɗauke da wutar ɗaruruwan bolt da za ta iya kashe wanda ya taɓa ba da sani ba.

Ga mai mota, abin da ya sauya shi ne lokacin kashe kuɗi. Mai Fijo yana biya kaɗan-kaɗan bayan mota ta tsaya. Mai motar yanzu yana da zaɓi biyu: ya biya kafin ta tsaya, wajen man da littafi ya ce da ruwan lagireto na gaskiya da kayan gyara masu inganci, ko ya jira ya biya kuɗin inji ko na giya gaba ɗaya, a lokacin da kusan kowane kayan gyara da dala ake shigo da shi. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Littafin da ke zuwa da mota, wanda galibi ke kwance a aljihun dashbod ba a taɓa buɗe shi ba, ko ake iya saukewa kyauta a intanet, shi ne wurin farawa.